Tukunyar da Na Mayar Ƙarƙashin Ƙofar Silima

Assalamu alaikum uwar shafi, da ku masu karantawa, manya da yara. Ni tsohuwa ce, ban yi boko ba, allon ma iyakata abin da zan yi salla da shi. Magana nake yi a waya ita tana rubutawa. Na ce ta mayar da ita Hausar rediyo don kowa ya gane, amma kada ta sassauta mini kalma ko ɗaya. Ba tausayi na zo nema ba. Abin da nake roƙo, kada a yanke mini hukunci sai an ji ƙarshe. Kuma in wata daga cikin matan da ke shanya shinkafa a gidana ta ci karo da wannan ta gane ni, to ta riƙe bakinta har in gama shawara. Ta san halina.

Mu biyar ne a wurin ranar da abin ya faru, sunayen kuwa duk na canza su. Akwai ni. Akwai autana Umaru, shi kaɗai ne namijin da Allah ya bar mini. Akwai Na'Allah magini, mai yi mini aikin gyara. Akwai limamin unguwarmu. Sai Bello, ɗan marigayi Alhajin da ya gina silimar, wanda a hannunsa na saye ta. Matar Umaru, Saratu, ba ta nan, lokacin suna zaune a Sakkwato. Ku riƙe wannan da kyau, domin yanzu aurenta ne ke shirin mutuwa a kan abin da ko ganinsa ba ta taɓa yi ba.

Silima ce ta dauri a nan yankinmu na Tambuwal. Fili ne babba mai doguwar katanga, babu rufi, an shafe ƙasan da siminti yana gangarowa zuwa wani farin bango mai tsawo inda ake haska hotuna, sai ɗaki guda a sama inda injin yake. Muna 'yan mata mun yi tallar gyaɗa a bakin ƙofarta, amma ba mu taɓa leƙa ciki ba, don macen kirki ba ta shiga. An rufe ta tun Umaru yana goye. Daga nan aka ce mutanen ɓoye sun gaje ta. Wai da tsakar rana ana jin fito kamar na 'yan kallo, wai wani ya haura ɗibar 'ya'yan tantabara ya fito baki a karkace, wai akuyar da ta shiga ba ta ƙara haihuwa. Manya da gemu in sun zo daidai wurin sai su tsallaka ɗaya gefen hanya suna motsa baki.

Me ya kai ni saye? Da mai gidana ya rasu aka raba gida tsakanin magada, aka ja katanga nan aka ja can, na tashi da ɗaki ɗaya da tsakar gidan da tabarma biyu ba za su shimfiɗu ba. Sana'ata kuwa turara shinkafa ce. Ina sayo shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, daga fadamun Kebbe, in jiƙa, in turara, in shanya, in kai inji a cashe. Mai wannan sana'a in ba ta da wurin shanya ba ta da komai. Na koma shanya a bakin titi, ina fama da awaki da kaji da ƙurar babura, masu saye suna cewa shinkafata ta fara tsakuwa, ni da aka san ni da tsabta tun ina amarya. Wata rana Bello ya buɗe ƙofar silimar yana nuna wa wani mai son sayen tsofaffin bulo, ina wucewa na tsaya na leƙa. Su jemagu suka gani da tumfafiya. Ni siminti na gani mai gangara wanda ruwa ba ya kwanciya a kansa, da rijiya a kusurwa, da katangar da akuya ba ta haurawa. A makon nan na aika wa Bafulatanin da ke riƙe mini shanu ya kawo su kasuwa.

Gari ya ɗauka. 'Ya'yana mata biyu da ke aure nesa suka dinga kira a waya suna kuka, wai in rufa musu asiri, dangin mazansu na cewa uwarsu ta taɓu. Umaru ya baro aikinsa na tuƙi ya zo takanas don ya hana ni. Na bar shi ya gama, sannan na tambaye shi tun rasuwar ubansa sau nawa ya kwana a garin nan. Na ce to wanda ba ya kwana a gari ba shi zai zaɓa mini inda zan kwana ba. Liman ya ce a yi saukar Alƙur'ani kafin a taɓa komai, na ce wannan gaskiya ne, aka yi, na yi waina aka raba sadaka. Da aka watse na tsaya a tsakiyar filin na ce duk aljanin da ya ga zai iya zama da ni bismillah, amma ya sani a gidana ba a barci har rana ta fito.

Aiki muka yi ba na wasa ba. Muka sare tumfafiya, muka yi wa jemagu hayaƙin barkono, muka kwashe kashinsu buhu-buhu manoman albasa suka zo suna roƙo. Na'Allah ya farfasa kujerun siminti ya ja mini ɗakuna a jikin katanga. Liman ya so a rushe farin bangon saboda irin abubuwan da aka haska a jikinsa. Na ce Allah shi gafarta Malam, bango bai kalli komai ba, maza ne suka kalla, kuma ga su nan suna bin ka salla ba wanda ya rushe su. Ya yi dariya ya bar maganar. Bangon nan yanzu shi ke ba mu inuwa da yamma. Ɗakin sama na ɗauka nawa. Fiton da ake faɗa kuwa na ji shi da kunnena, iska ce ke bi ta ƙananan ramukan da hasken inji ke fita. Na cusa tsumma, aljani ya yi shiru. Rami biyu na bari, ta nan nake ganin wadda ta taka mini shinkafa da ƙafa mai datti da wadda ta dumbuza ta zuba a haɓar zane.

To ranar da nake faɗa, ƙofa ake faɗaɗawa. Ƙofar silima ƙarama ce, mutum ɗaya-ɗaya take ci don kada a shiga ba a biya ba, ni kuwa ina son amalanke ya shigo da buhuna har ciki. Umaru ya zo ganin aiki, Liman da Bello suna wucewa suka tsaya. Na'Allah yana haƙa dokin ƙofa sai digarsa ta daki wani abu. Ya sa hannu ya share ƙasa, sai ga tukunya, 'yar ƙarama kamar ta miyar mutum biyu, an ɗaure bakinta da tsohuwar fata. Ya yi baya har ya faɗi zaune. Bello ya leƙa, na ga fuskarsa ta canza.

Ya ce, "Kafin Baba na wanga. Da bakinai ya gaya min, duk wanda ya bi ta ƙofar ga, sai ya komo."

Wato kafi, asirin da Alhajin ya sa aka binne masa ke nan don 'yan kallo su riƙa dawowa. Liman ya ce kada wanda ya buɗe. Ya yi addu'a ya tofa, ya ce a kai ta bakin ruwa a fasa, a ƙone abin da ke ciki. Sai aka tsaya kallon juna, wa zai ɗauka? Na'Allah ya ce shi bayansa ya riƙe. Bello ya ce ai shi ya sayar da wuri da duk abin da ke cikinsa. Liman ya dubi rana ya ce azahar ta gabato. Umaru ya tsura wa wayarsa ido kamar an aiko masa da labarin mutuwa. Maza fuɗu, kowa da gemunsa. Na tsuguna na ciro ta da hannuna, na sa a ƙwarya, na rufe da ɓuntun shinkafa, na aza a ka. Umaru ya ce bari ya kai ni a babur, da muryar mai roƙon Allah in ce a'a. Na ce a'a.

Wallahi da niyyar fasawa na fita. Na kai tafkin bayan gari, babu kowa sai shanu can nesa. Na sauke a gindin ɗorawa, na nemo dutse, na zauna in huta kafin in fasa. A zaman nan maganar Bello ta dawo mini. Sai ya komo. Na haifi uku da suka rayu, amma ni kaɗai nake cin tuwo, in na dafa sai in rasa wanda zan ce wa miƙo gishiri. Salla ta zo ta wuce, gaisuwata a waya, jikokina sun san muryata ba su san hannuna ba. Ga shi na sayar da shanuna na gina ɗakuna, wa zai kwana a cikinsu? Na ce a raina, Alhajin nan baƙi ya kira don su ba shi kuɗin kallo, ya mutu an yi masa salla an yabe shi. Ni uwa ce, nawa nake so su tuna hanya. Ban karanta komai a kanta ba, ban roƙe ta komai ba, ban ma san abin da ke ciki ba har yau. Dutsen kawai na ajiye. Na mayar da ɓuntu na rufe, na dawo da ƙwaryata a ka kamar yadda na fita, ba wanda ya yi mamakin ganin mai shinkafa da ɓuntu.

Bayan la'asar Liman ya tare ni ya ce, "An gama?" Na dubi idonsa na ce, "An gama." Washegari kafin Na'Allah ya iso na mayar da ita raminta, na cike, na yayyafa ruwa na daɓe. Da ya zo na ce daɓe aikin mata ne, na rage masa wahala. Ya taka ya ce Gwaggo, hannunki ya fi na leburorina, ya zuba siminti a kai. Wannan shi ne laifina. Na faɗa, ban ɓoye ba, ban kuma ce Shaiɗan ne ya ɗauki ƙwaryar ba. Ni na ɗauka.

Sai gida ya cika. Matan unguwa da suke tsallaka hanya suka fara aiko yara tambaya ko akwai wurin shanya, daga baya suka zo da kansu. Fulani masu nono suka mayar da inuwar farin bango wurin hutawa. Aka fara aron filin ana suna, ana kamun amarya. 'Ya'yana mata da suka ce na taɓu suka zo da yara suka yi makonni, sai da mazansu suka yi aike. Ina zaune a ɗakin sama ina kallon tsakar gida cike da hayaniya, in ce Alhamdu lillahi, wani abu a ƙirjina ya ce wa kike gode wa? In ce masa rufe mini baki, siminti ne da rijiya da inuwa, ko makaho ya san abin da ya kawo su.

Sannan Umaru ya dawo. Kamfanin da yake yi wa tuƙi suka rage ma'aikata, ya kasa biyan haya, ya kwaso Saratu da yara biyu a bayan motar albasa. Ga abin kunyar da ban taɓa gaya wa kowa ba: yana sauke kaya ido ja-wur, ni zuciyata fari ƙal. Zakara na yanka. Da bakina ina ce masa Allah zai kawo wani, cikina yana cewa kada ya yi sauri. Bayan 'yan watanni ya samu babbar mota a Jega yana kai albasa kudu. Tafiya kaɗan ya yi taya ta fashe, motar ta kwanta, aka shigo mini da shi ta ƙofar nan a kan katifa, ƙafa a karye. Ya warke da ɗingishi. Da ya ji ƙarfi wani abokinsa ya samo masa tuƙin gida a Abuja, ya yi sallama da kowa, ya kai tasha, zazzaɓi ya kayar da shi kafin mota ta cika, aka ba wani aikin.

Yanzu ku gaya mini, tukunya ce ta rage ma'aikata? Tukunya ce ta fasa taya? Sauro ma sai ya nemi izininta? 'Ya'yan mutane nawa suka rasa aiki a shekarun nan, duk uwayensu tukwane suka binne? Na san komai daga Allah yake, ba sai yaron da aka haifa jiya ya rubuto ya koya mini ba. Za ku ce to in kin san haka me ya hana ki tonewa? Kada ku ɗauka ku ne farkon masu tambaya. Kullum na tsallaka ƙofar nan sai na tambayi kaina, kuma ban samu amsar da zan iya faɗa a gaban mutane ba.

Abokansa ne suka ɗauke shi zuwa wurin wani mai duba a hanyar Fakku. Mutumin ya zana ƙasa ya ce kiranye aka yi masa, wato asirin da ke jawo mutum gida duk inda ya tafi, abin yana binne inda yake shiga da fita, kuma mace ce ta cikin gidansa ta yi. Wane namiji ne ba shi da inda yake shiga da fita? Wane ne ba shi da mace a gida? Abin da suke gaya wa kowa ke nan su karɓi zakara. Amma da Umaru ya maimaita mini, sai da na dafa bango.

Shi kuwa Saratu ya duba. Dalilinsa, ba ta taɓa son zaman ɗakin haya a Sakkwato ba, uwarta tana nan kusa a Jabo, kuma tun da suka dawo shi yana ramewa ita tana haske. To ba dole ta yi haske ba? Yarinya ta samu fili, ta samu sana'a. Ni na koya mata turare, yanzu in ta ɗauki ƙwaya ta ciza ta ce ta bushe, ba na sake dubawa. Ni ba na yabon mutum, ku tambayi duk wanda ya zauna da ni, amma yarinyar nan ban taɓa kama ta da ƙarya ba, kuma ta ramin nan ina ganin abin da mutum ke yi in ya ɗauka ba mai ganinsa. Da ƙafarsa ta karye ita ta yi jinyarsa, ita ke ɗaga shi ita ke kwantarwa, ta sayar da 'yan kunnenta aka biya mai ɗori. Wannan ce ya shiga ɗakinta ya ɗaga leda ya haƙe ƙasa, ya farke matashin kai, ya zazzage kwallayenta a gaban yara. Bai samu komai ba, sai ya ce ta iya ɓoyo. Ya daina cin abincinta, sai nawa. Ku ji fa, sai nawa. Ta ce a kira Liman ta dafa Alƙur'ani, ya ce mai asiri ba ta tsoron rantsuwa.

Ƙofar gida kuwa ko sau ɗaya bai kalle ta ba. Don me zai kalla? Da idonsa ya ga uwarsa ta fita da tukunya a ka. Har yau labarin yake ba abokansa a zaure, yadda maza suka ja baya Innarsa ta sa hannu. Ina jin su daga sama suna cewa ai irin su Inna sun ƙare.

Saratu ta same ni a bakin murhu muna turare, ta bari sauran mata suka matsa, ta durƙusa ta ce, "Inna, ke yake jin maganarki. Ki tambayar min shi, mi na yi mai?" Na ce ta tashi wuta na cin itace a banza. Ta tashi ta gyara wutar. Da ta yi mini rashin kunya da na samu sauƙi.

Shekaranjiya da yamma ya hawo ɗakina, yana jan ƙafar nan a matakala ɗaya bayan ɗaya. Ya zauna a bakin ƙofa ya ce ya gama shawara, in an sauko Juma'a zai sallami Saratu ta tafi Jabo, yara su zauna wurina. Na ce da wace shaida? Ya ce shaida ta wuce ƙafarsa? Na ce saki ba a yin sa da maganar mai zanen ƙasa. Sai ya ɗago ya dube ni, yadda yake dubana yana yaro in an doke shi a waje.

Ya ce, "Inna, ba abin da ke wuce idonki a gidan ga. Ki gaya min. In ba ita ba, wa?"

Ni da na ɗauki abin da maza suka gudu, ni da ban taɓa tauna magana don tsoron mutum ba, sai na miƙe na ɗauki buta. Na ce ya sauka zan yi alwala. Ya sauka.

Na san abin da za ku rubuto. Za ku ce shirka, za ku ce tsohuwa ta kusa kabari tana wasa da imaninta. Istigfarin da na yi a kan tukunyar nan Allah kaɗai ya san yawansa, kuma tsakanina da Shi ne, ba da ku ba. Mai shirin zagina ya fara tuna yaushe rabon da ya kwana a gidan uwarsa, in ya tuna sai ya zaga. Ban yi nadamar sayen silima ba, ko yau aka dawo da ni sai na saya. Ban yi nadamar son 'ya'yana kusa da ni ba. Abu ɗaya ne ya hana ni sakat, yarinyar nan ba ta ci ba ba ta sha ba, za a kore ta a raba ta da 'ya'yanta, a bi ta da sunan mai asiri har gidan ubanta, wa zai sake aurenta a yankin nan?

In na tone a ɓoye, me na gyara? Shi bai sani ba, saki yana nan. Kuma ta yaya ake fasa siminti a ɓoye a ƙofar da mata ke bi da buhuna tun safe har magariba? In na tone a gabansa, na wanke Saratu, amma ɗana zai san macen da aka faɗa masa uwarsa ce. Duk takun da zai yi da ƙafar nan ni zai tuna. Ko na ce masa tukunya ba ta karya ƙafa, zai ce to me ya sa kika mayar? Liman da na dubi idonsa na yi wa ƙarya fa? Matan da suka sake jiki da gidan, ba kwashe shinkafarsu za su yi a koma tsallaka hanya ba? Akwai kuma wanda ya fi duka, bari in faɗa tunda ba ganina kuke ba. Ina tsoron in na fitar da ita su watse, in koma ni kaɗai a fili mai faɗin nan. Bakina yana cewa ban yarda da ita ba, hannuna ya ƙi ɗaukar diga.

Washegari, jiya ke nan, ina idar da sallar asuba na sauko na shiga ɗakin Saratu. Ashe ta ji, har ta fara haɗa kaya. Na ɗauki akwatinta na hau da shi sama, na dawo na ɗauki ƙullin zannuwanta, na kulle ɗakina na ɗaure mabuɗin a haɓar zanena. Umaru ya fito yana kallo. Na tsaya a tsakar gida na ce masa, "Yarinyar ga ba ta fita. Gidana na, da shanuna na saye shi. In ka sake ta, nan za ta zauna a matsayin ɗiyata, kai ka nemi wurin kwana."

Na ɗauka na kashe wutar ke nan. Ya dube ni, sannan ya juya ya dubi Saratu, ya ce a hankali, "Har Inna kin shanye min?" Ya ja ƙafarsa ya fita. Ita kuma ta zauna a ƙasa inda take, ko kuka ta kasa.

Na yafa mayafi na tafi gidan Na'Allah na ce ya ara mini diga. Ya ce Gwaggo me za a haƙa, in zo in yi miki? Na ce saiwar tumfafiya ce, ni zan cire abata. Na kawo ta na jingine a bakin ƙofa, na shimfiɗa tabarma a kan simintin na zauna. Mata suna shigowa da buhuna suna raɓa ni suna gaishe ni, suna tambaya ko lafiya Inna ta sauko ƙasa yau. A nan na wuni jiya, yau ma a nan nake wannan maganar, diga tana gefena ban ɗaga ta ba, Juma'a kuwa ta matso.

Ban ce ku wanke ni ba. Ku dai gaya mini, in kira shi da Liman in fasa a gabansu, ko akwai hanyar da zan wanke yarinyar nan ban rasa ɗana ba? Ni dai na duba ban gani ba. Me zan yi?